Agogon Surukina a Aljihuna

Tun ranar da na dawo daga Magariya ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A masallaci tambaya, a bakin rijiya tambaya, har a wurin mai tsire sai wani ya matso ya ce, "Mamman, ka ce biko za ka, ina Rabin take?" To, yau zan faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Mai dariya ya yi ya gama. Bayan wannan duk wanda ya sake tare ni da zancen nan, ni da shi ne.

Kun dai san mafarin. Akuyar matata Rabi, jar nan mai ƙaho ɗaya, ta afka wa gyaɗar da na shanya ta yi mata ɓarna. Na ɗaure ta a gindin gawo na ce ba za ta kwana mini a gida ba. Rabi ta ce da akuyar nan aka kawo ta daga gidansu, in an kori akuya ita aka kora. Na ce ta ɗauka yadda ta ga dama. Gari na wayewa ta ɗaure ƙullinta ta hau amalanke, sai gidan ubanta a Magariya. Har gobe ina kan bakana, akuyar ce ba ta da gaskiya. Amma tuwon da na riƙa tuƙawa da hannuna bayan tafiyarta, ko karen gidanmu sai ya shinshina ya yi shawara. Da dattawa suka ce in je biko, ban yi musu ba. Ina son matata, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Na sayi ƙwaryar goro, na sa rigata ta Salla, na hau kamiyon gyaɗa, babbar motar nan, ranar kasuwa. A kan buhuna muka zauna. Kusa da ni wata tsohuwa da zabi a kwando, kuma duk ramin da mota ta faɗa sai zabin nan su yi kuka kamar ana yanka su. Ba mu yi nisa da garin nan namu Kwaya ba kamiyo ya kafe a rairayi. Aka ce kowa ya sauko ya tura. Muka tura, direba yana zaune a ciki yana cin goro yana ce mana ba mu da ƙarfi. Da taya ta samu ƙasa sai ta watso mini rairayi da baƙin mai a gaban riga. Rigar da na ajiye don gaida suruki! Na ce wa direban Allah ya isa, ya ce in ba na so in sauka in taka.

A shagon Ilu na sauka, abokina tun muna kiwon awaki, yanzu tela ne a bayan kasuwa. Nan yake ɗinki, nan yake kwana, a kan tarin ƙyallaye. Ya sayo mana shinkafa da wake a takarda daga wajen wata mai talla. Abin Magariya ke nan da ban gane ba har yau: mutum da gemunsa ya tsaya a bakin hanya ya sayi abincin dare kamar mara dangi. A Kwaya in aka gan ka haka, kafin safiya an aiko maka tuwo daga gida uku, an kuma tambayi abin da ya same ka. Na wanke gaban rigata na shanya, na aika maƙwabcin Ilu ya shaida wa gidan su Rabi cewa na iso, da hantsi zan zo gaisuwa.

Ku san irin mutumin da zan je gabansa. Surukina, ba zan kama sunansa ba kun sani, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. Bai bar ƴaƴansa sun leƙa ko wurin kalangu ba. In ya ji samari sun je kallo, sai ya tsaya bayan sallar asuba ya wanke su tas. Tunda na auri ƴarsa ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ban ma taɓa kallon fuskarsa sosai ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, ko in sake hanya. Yana da wani agogon hannu mai farin ƙarfe da ya sayo a hanyar Makka, da shi ake duba lokacin salla a unguwar.

Bayan isha'i Ilu ya kashe fitilar shago ya ce, "Tashi mu je. Akwai wani mai dabo da ya sauka a ɗakin bayan mai shayi, Bawa sunansa. Ba a fili yake yi ba, a ɗaki, gwiwa da gwiwa. Ka ga hannunsa da idonka, ka rasa gane komai."

Na ce, "Ilu, biko ya kawo ni, ba kallo ba."

Ya ce, "Da wannan fuskar za ka biko? Yo ko ni ne Rabi ba zan bi ka ba. Zo a sassauta maka ita."

Da na sani da na ja bargo na kwanta. Amma na bi shi.

Ɗakin bai fi zauren gidanmu ba. An shimfiɗa tabarmi, an rataye fitilar ƙwai guda ɗaya, maza sun cika shi ana zaune kafaɗa da kafaɗa, ga warin hayaƙin itace da na taba. Bawa yana tsaye a bakin ƙofa, wani siriri mai wushirya, da riga duk faci kala-kala. Kowa ya shigo sai ya kama hannunsa bibbiyu ya girgiza, ya tambaye shi gida da iyali kamar ya san shi. Ni har rungume ni ya yi, ya ce ina kama da wani ƙanensa da ya ɓata. Na ture shi.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya. Ya zauna a tsakiyarmu, gwiwarsa tana taɓa tawa. Ya nuna goro a tafin hannu, ya hura, babu goro, sai ga shi ya zaro shi daga kunnen wani mahauci, ya ce, "Sarkin fawa, ashe nan kake ɓoye wa abokai?" Ya ɗebi rairayi ya zuba a kofin shayin wani Bafillace, ya ce ya sha. Bafillace ya rantse ba zai sha ba, aka matsa masa, ya kurɓa, ya zaro ido ya ce sukari ne. Ya kwaikwayi jandarma yana tambayar jaki katinsa da Faransanci, jaki yana amsawa. Ya karɓi hular wani ɗan kasuwa ya fasa ƙwai a ciki, mai hula yana salati, ya kifa masa ita a kai, sai ga ɗan tsako ya leƙo ta gefen kunnensa. Ɗakin ya kaure da dariya. Ni ma na yi, ba zan yi ƙarya ba.

A can kusurwa, inda hasken fitila bai kai sosai ba, akwai wani dattijo da ya ja amawalin rawaninsa har bisa hanci. Shi ya fi kowa. Dariya yake har kafaɗunsa suna rawa, yana buga cinya, yana share hawaye da bakin rawani. Da aka gama na ƙwai sai ya ɗaga yatsa alamar a sake. Na zunguri Ilu na ce dubi tsohon can, ya girma bai san ya girma ba.

Sai Bawa ya juyo kaina. Ya ce, "Jama'a, ku dubi wannan bawan Allah. Tunda ya shigo hannunsa na kan aljihu, fuska kamar an aiko shi karɓar harajin lanho. Malam, me kake gadi?"

Na ce, "Babu ruwanka."

Ya ce, "Ni dai ina jin wani abu yana numfashi a aljihunka. Ku yi shiru. Kun ji? Kas, kas, kas. Sa hannu ka fito mana da shi."

Na sa hannu don in kunyata shi, na san ba komai a ciki sai ƙyallen share zufa. Yatsuna suka taɓa ƙarfe mai sanyi. Na fito da shi. Agogon hannu ne mai farin ƙarfe.

Bawa ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Da rigar Salla ake wannan sana'a yanzu? Jama'a, kowa ya duba hannunsa!"

Dattijon kusurwa ya shafa wuyan hannunsa, ya miƙe zumbur ya ce, "Kai! Agogona!" Amawalin ya zame. Kafin ma ya zame na gane muryar, don ita nake ji a bayan liman duk zuwan da na yi garin nan. Surukina ne.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Muka haɗa ido, abin da bai taɓa faruwa ba tunda aka ɗaura aurena. Ga ni zaune da takalmina a gefe, ga agogonsa a hannuna, ga mutane suna ta faɗuwa don dariya, mahaucin nan yana ihu, "Ɓarawo! A kai shi jandarmari!" Su wasa suke. Ni kuwa ta yaya zan buɗe baki in yi gardama a gaban suruki? Na sunkuyar da kai, na miƙa agogon da hannu biyu. Ya fizge, ya ja rawani ya rufe fuska, ya tsallake ƙafafun mutane ya fice, ko takalminsa ɗaya bai tsaya ya saka daidai ba.

Na tashi zan shaƙe Bawa, Ilu da mai shayi suka riƙe ni suka fitar da ni. A hanya Ilu yana cewa, "Haba Mamman, kowa ya san dabo ne." Na ce, "Kowa ban da shi! Mutumin da bai taɓa zuwa kallo ba, ina ya san dabo? Ya ga agogonsa a aljihuna da idonsa." Ban tsaya na tambayi kaina me ya kawo wanda bai taɓa zuwa kallo ba cikin ɗakin nan ba. Fushi bai bar ni ba.

Da hantsi na ɗauki goro na je ƙofar gidansu, na tuɓe takalmi na yi sallama. Aka daɗe, sannan aka aiko cewa Malam ba ya nan. Alhali ga takalmansa a bakin zaure. Na ce shi ke nan, an yanke mini hukunci, ɓarawo ba ya ganin suruki. Na koma ɗakin mai shayi neman Bawa, aka ce tun asuba ya bi motar kasuwa ya ƙetara iyaka zuwa Babura, cikin Najeriya. Na ajiye goron a shagon Ilu. Ya ce, "Ka dakata zuwa azahar mana, ka ga abin da za su aiko." Na ce wanda aka kira ɓarawo ba ya zaman jira. Na nufi tasha.

A bakin iyaka ɗan duwan ya duba katina ya ce, "Me ka ɗauko?" Na ce ba komai. Ya ce, "Me za ka sayo?" Na ce, "Mutum zan ɗauko." Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini katin ya ce Allah ya ba da sa'a. A wancan gefen nasu suna ce wa kansu kwastan, hula daban, amma tambayar iri ɗaya. Hausarmu ɗaya da mutanen can, sai dai komai nasu da gaggawa. Na miƙa wa mai fura dala, ta juya ta ta ce in je in canzo naira. Da na canzo ta dama mini fura tsararo da sukari kamar ta mai jinya, babu yaji babu tsami. A rumfar tasha na kwana, sauro ya yi biki a kaina, wani mahaukaci kuma ya zauna kusa da ni yana ba ni labarin shanunsa.

Da kasuwa ta ci na same shi a gindin tsamiya yana shirya kayansa. Ban yi sallama ba. Na ɗauke jakar fatar da yake zuba ƙwai da kofuna na zauna a kanta.

Ya ce, "A'a, ƙanena da ya ɓata! Tashi, akwai tsako a ciki."

Na ɗaga kaɗan ya zare tsakon, na koma na zauna. Na ce, "Ka san wanda ka sace wa agogo? Surukina ne. Matata tana gidansa, biko na zo. Ka kashe mini aure don mahauta su yi dariya."

Ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Na ga mai agogo a can, na ga mai ɗaure fuska a nan, na haɗa. Aikin ke nan."

Na ce, "To za ka bi ni ka nuna masa yadda ka yi."

Ya ce, "Wannan kam a'a. Ko ubana ya tashi daga kabari ba zan nuna masa ba, da shi nake ci. Amma zan je in faɗa masa da bakina cewa ni ne, in sake yi a gabansa ya gani. Dama Dungas na nufa bayan nan. Sai dai kai za ka biya mota."

Na biya. Duk hanya jakar tana kan cinyata, shi kuwa yana zaro wa fasinja goro daga hanci. A iyaka ɗan duwan ɗin nan ya gan mu ya ce, "Ashe da gaske kake."

Abin da ban lissafa ba shi ne, mai dabo ba ya shiga gari shiru. Daga tasha ya zura rigar facinsa, ya fito da wata ƴar ƙararrawa yana kaɗawa. Na ce ya ajiye, ya ce hannunsa ne ya saba. Kafin mu kai unguwar su Rabi mun tara jama'a a baya kamar ana rakiyar ango. La'asar ta yi, mutane sun fito daga masallaci, surukina yana zaune a dakalin ƙofar gida da dattawan unguwa, liman ma yana nan. Na tuɓe takalmi tun daga nesa na durƙusa. Raina fari, na ce yau za a wanke ni a gaban kowa.

Bawa ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Salamu alaikum! Ina babana mai agogo? Yauwa, ga shi! Baba, ka gane ni? Ɗakin bayan mai shayi, shekaranjiya! Jama'a, na yi yawo ƙasa-ƙasa, ban taɓa samun mai dariya irin dattijon nan ba. Shi ne fa ya ce in sake na ƙwai! Baba, yaron nan bai taɓa agogonka ba, ni na zare shi tun a bakin ƙofa da muka gaisa. Ga ma shi." Ya buɗe hannu, sai ga agogon kuma, na rantse ban ga lokacin da ya matsa kusa da shi ba.

Ba wanda ya yi dariya a dakalin nan. Liman ya juya ya dubi surukina. Wani tsoho ya ce a hankali, "Malam, ba kai ka ce mana ka je duba mara lafiya ba?" Daga cikin zaure kuma sai muryar Inna, uwar Rabi, "Ni ma haka aka ce mini. Har kunu na dama a kai wa mara lafiyan." A bayanmu samarin unguwa, waɗanda yake wankewa bayan asuba, suka fara tuntsirewa ɗaya bayan ɗaya.

Surukina ya miƙe. Bai dubi Bawa ba, ni ya duba. Ya karɓi agogonsa, ya shiga gida, ya turo ƙyauren zaure da ƙarfi har ƙasa ta zubo daga bango. Bawa ya dafa kafaɗata ya ce, "To, na wanke ka," ya karɓi jakarsa ya bi hanyar tasha da jama'arsa.

Da magariba ina zaune a shagon Ilu sai ga Rabi, ta lulluɓe. Ilu ya ɗauki buta ya fita. Ba ta zauna ba.

Na ce, "Kin dai ji ban yi sata ba."

Ta ce, "Wa ya ce ka yi sata? Baba yaro ne? A daren nan da ya dawo ya tashe ni ya ce in ɗaure kayana, gobe in bi mijina, ba ya son jin wata magana. Da safe kunya ce ta hana shi fitowa, ya kasa haɗa ido da kai. So yake ka bar garin nan da bakinka a rufe. Da azahar aka aiko nan a ce ka zo ka ɗauke ni, aka ce ka tafi Najeriya. Kwana na yi a kan ƙullina, Mamman."

Na ce, "To yanzu fa?"

Ta ce, "Yanzu ya rantse ba inda za ni sai ranar da ya iya fita masallaci ba a yi masa kukan tsako ba. Tun ɗazu samari suke yi a bayan katanga." Ta ja mayafinta, ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ka ba akuyata ruwa kuwa kafin ka taho?"

Da Ilu ya dawo na tambaye shi me ya sa bai bi ni ya faɗa mini an aiko ba. Ya ce ya bi ni ina, Najeriya ƙauye ce? Ban ci abincinsa ba a daren nan. Ina jin haushin Ilu da ya ja ni ɗakin nan, ina jin haushin Bawa da hannunsa da ƙararrawarsa, ina jin haushin tsohon da ya hana kowa dariya ya je yana yin tasa a ɓoye. Duk wanda ya ce in ji haushin kaina, ya zo ya faɗa mini a gabana.

Goron dai kun gan shi, ku kuka cinye. Rabi tana Magariya, kuma wanda ya zo daga can ranar kasuwa ya ce har yanzu surukina a gida yake salla. Akuyar kuwa na kwance ta daga gindin gawo tun ranar da na dawo. Tana nan a tsakar gida, ni ke ba ta harawa safe da yamma, ni ke ɗebo mata ruwa. Jiya ta sake shiga gyaɗar. Na tsaya ina kallonta har ta ƙoshi.